Suna a Bayan Benci

Ina durƙushe a bayan benci na uku, sukurdireba a hannuna, sai na ji takun fasto a bayana. Ban waiwaya ba. Sukurun ya fara motsi ke nan, in na sake shi kuma sai na sake shan wata wahalar.

"Mama, lafiya? Me kike kwancewa?"

"Sunan Dogo," na ce. "Shi ya aiko ni."

Fastonmu mutum ne mai kunya, ba ya iya musu da tsofaffi. Ya tsaya yana murza hannuwa, ya ce ai abu irin wannan sai dattawan ikkilisiya sun zauna a kai. Na tambaye shi ko ranar da aka ɗaura sunayen dattawa sun zauna. Shi kuwa lokacin ba a ma kawo shi cocinmu ba. Na ciro waya daga jaka na kira matar Dogo, ta kara wa mijinta a kunne, ni kuma na miƙa wa fasto. Ban ji abin da Dogo ya faɗa masa ba. Na dai ga ya zauna a bakin benci yana ta cewa to, to. Da ya maido mini da wayar sai ya ce zai riƙa bar mini mabuɗi a wurin matar da ke shara.

Duk garin nan ba mai ce masa Dogo sai ni. Ma'aikatansa Oga suke cewa, sauran jama'a kuma Baba Mai Kujera, kamar yadda ake kiransa a talla. Ni kuwa na san shi tun yana saurayi siriri, wando ɗaya, ya zo koyon kafinta wurin maigidana. Ba su haɗa jini ba, amma Yaya yake ce masa, ni kuma Matar Yaya. Ya ci tuwon hannuna ya fi a ƙirga, kuma bai taɓa tashi daga kwano da sauran loma a ciki ba.

Maigidana yana da wata ɗabi'a a aikinsa. Duk abin da ya ƙera, ko kujera ko tebur ko gadon jariri, kafin ya miƙa wa mai shi sai ya kifa shi, ya ciro fensir daga bayan kunne, ya zana ɗan gicciye a ƙarƙashi ya rubuta "Mun gode." A inda ba mai gani yake rubutawa, don ba da mai saye yake magana ba. Dogo ya koyi wannan tare da riƙon zarto. Tsofaffin bencunan cocinmu su biyu suka yi su a tsakar gidana, kullum da yamma bayan sun tashi daga shago, wata huɗu ina share garin katako daga cikin tukwanena. Kowane benci akwai fensirinsu a ƙarƙashi.

Gaskiya ɗaya ce, hannun Dogo ya fi na mijina, shi ma mijin nawa da bakinsa yake faɗa. Da Dogo ya buɗe nasa shagon, Yayansa ne ya ɗora masa hannu a ka ya yi masa addu'a. Daga shago sai masana'anta, daga masana'anta sai ɗakin baje koli mai gilashi tun daga ƙasa har sama. Aka fara jin muryarsa a rediyo, aka fara ganinsa a talabijin, har ta kai duk babban titin da ka bi sai ka gan shi a allon talla, ya hakimce a kujerar falo ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Yara suna rera waƙar tallarsa a hanyar makaranta. Bai bar unguwa ba. Gidaje uku ya saya a jikin nawa ya rushe, ya tayar da bene, katangarsa ta tare mini ranar safe, shanyata ba ta bushewa sai bayan ƙarfe biyu.

Kada in ɗauki alhakinsa. Dogo bai bar coci ba ko Lahadi ɗaya. Ba ya sha, ba ya bin mata, ya sa marayu da yawa a makaranta. Fensirin ma ya daɗe a bayan kunnensa. An ce shekarun farko yakan zagaya masana'antar yana kifa kujeru ɗaya bayan ɗaya yana rubutu, har kujerun suka fi ƙarfin hannunsa. Daga nan aka yi masa hatimi mai sunansa da hotonsa, ana buga shi a inda kowa zai gani.

Shekara guda bayan rasuwar maigidana, manyan motoci biyu na kamfanin Dogo suka tsaya a ƙofar coci. Sababbin bencuna arba'in da biyu, katako mai nauyi, sai sheƙi suke yi. Aka yi ta tafi da guɗa. Tsofaffin kuma aka jibge su a bayan coci, ruwan sama ya dake su, daga baya mutane suka yi ta ja suna hura wuta. Ba wanda ya tambaye ni, shi ma Dogo bai tambaye ni ba.

A bayan kowane sabon benci, a daidai tsakiya, an ɗaura ɗan fallen tagulla da sukuru biyu, an sassaƙa cikakken sunansa a jiki. Wurin kuwa shi ne daidai inda na baya yake kifa goshi in an ce a sunkuya a yi addu'a. In addu'ar ta yi tsawo, mutum zai ɗago da sunan Dogo a goshinsa, rubutun a juye. Matasa suna dariya suna nuna wa juna. Ni abin bai ba ni dariya ba. Na sayi kujerar roba, kowace Lahadi in ɗauko ta a ka, in kafa ta a gefen ƙofa. Shekara tara ina haka. Tsakanina da Dogo sai gaisuwa, ita ma in motarsa ta tsaya a gabana ne ya sauke gilashi.

Da aka ce ba shi da lafiya na ji, na yi masa addu'a daga ɗakina, amma ban shiga ba. Ciwon hanta ne. An kai shi asibitoci na nesa, daga ƙarshe likitoci suka ce a maido shi gida. Ran nan, wata Litinin da hantsi, ina wanke-wanke, sai ga matarsa a tsakar gidana, ko takalman ƙafarta ba iri ɗaya ba ne. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce yana nemana.

An sauko da shi ɗakin ƙasa saboda ba ya iya hawa bene. Ɗakin cike yake da kayan kamfaninsa, kujeru manya-manya da ba mai zama a kansu, shi kuma yana kwance a gadon ƙarfe na asibiti a tsakiya. Idanunsa sun yi rawaya, cikin ya kumbura, sauran jikin kuwa ya koma siririn saurayin nan da na sani. Na yi niyyar in ɗaure fuska, amma da na gan shi sai na kasa, na zauna.

"Matar Yaya, kin tsufa," ya ce.

"Kai kuma ka yi kyau ke nan."

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Da ya lafa sai ya tambaye ni ko kayan aikin Yaya suna nan. Na ce suna cikin akwatinsu, ina shafa musu mai. Ya ce so yake in je coci in cire masa sunayen nan, dukansu, kafin ya tafi. Na ce yana da ma'aikata sama da ɗari, me zai sa ya aiki tsohuwa mai ciwon yatsu? Ya ce ma'aikatan tsoron babban ɗansa suke ji, shi ne manaja yanzu, kuma duk wanda ya gaya wa maganar sai ya hau lallashinsa ya bari. Ni kaɗai ce ya tabbata ba zan lallashe shi ba.

"Ban taɓa daina addu'a ba," ya ce. "Amma ranar Lahadi, in an ce a rufe ido, nakan buɗe nawa kaɗan in waiga. In ga mutane sun kifa goshi a kan sunana. Daɗi nake ji, Matar Yaya. Shekara tara ina jin daɗin nan, a gaban Ubangiji."

Matarsa ta juya fuska wajen taga. Shi kuma ya tambaye ni bencunan Yaya, ko akwai wanda ya rage. Ina iya sassauta masa, amma ban yi ba. Na ce an dafa abinci da su. Hawaye suka gangaro masa har cikin kunne. Ya ce in yafe masa.

"Bari in gama aikin tukuna," na ce.

Ga yadda aka yi fasto ya same ni a durƙushe washegari.

Aikin ba shi da wuya ga mai ƙarfi, amma yatsuna sun daɗe da sanƙarewa. Sukurun sun sha shekara tara a cikin katako, wasu sun yi tsatsa, sai na ɗiga musu mai na jira. In na cire biyar ko shida, hannun ya ƙi. Kullum nakan tafi bayan na karya, in dawo kafin rana ta yi tsaka, in wuce kai tsaye ɗakinsa da tagullar a ƙulle a bakin zanena. Matarsa ta wanke wani babban gwangwanin madara ta ajiye a gefen gado. Shi da kansa yake jefa su ciki, ɗaya bayan ɗaya, yana sauraron ƙarar. Wani lokaci ya tambaye ni ko na ƙwarzane katakon. In ce masa ni matar kafinta ce tun shi bai san bambancin ƙusa da sukuru ba.

Mun yi hira a kwanakin nan fiye da wadda muka yi a shekara ashirin. Ya tuna ranar da ya yanke ƙafar tebur ɗaya ta gaza sauran, Yayansa ya sa shi cin abinci a kansa mako guda. Na kai masa ƙarar katangarsa, ya ce da na faɗa da tuni an rage mata tsawo. Na ce da ya leƙo da ya gani. Bai sake tayar da maganar yafiya ba, ni ma ban tayar ba. A raina na riga na tsara yadda za a yi: in kawo na ƙarshe, in sa masa a hannu, sannan in faɗa masa. Ina son abin ya zo daidai, yadda ni na ga dama.

Ranar Juma'a manajan ya tare ni a bakin ƙofar gidansu, da waya biyu a hannu. Yaron da na goya ne, amma yanzu ya yi tumbi. Ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ce mutane za su ɗauka kamfani ya karye, ko kuma sun yi faɗa da coci, ga shi ana shirin karrama Baba a ƙarshen shekara. Ya ce ciwo ne yake sa Baba irin wannan tunani. Na ce ya shiga ya faɗa wa ubansa haka ido da ido. Ya shiga. Ina tsaye a baranda na ji muryar Dogo, a hankali, yana ce masa kamfanin nasa ne, ya buga sunan a duk inda yake so, amma bencunan nan ba na kamfani ba ne. Yaron ya fito yana share ido, ya wuce mota.

Ranar Lahadi rabin cocin ba suna, rabi da suna. Ina kan kujerata ta roba ina kallon mutane suna shafa wurin, inda katakon ya fi sauran haske, da 'yan ramuka biyu. Aka yi ta raɗa. Wata daga cikin zumuntar mata ta ce ɓarayin tagulla ne suka shigo, wata ta ce ai ni ce, baƙin ciki ne ya ci ni har na kasa ɓoyewa. Fasto ya ce kawai a sa ɗan'uwanmu a addu'a, jikin ya yi tsanani.

Daga Litinin ya daina cin abinci. Ruwa ma sai a cokali. Hannunsa ba ya iya ɗaga tagullar, sai in sa masa a tafin hannu, in riƙe hannun in kai shi bakin gwangwani, shi kuma ya saki. Na ƙara sauri, ina cire takwas a rana, in na dawo gida in tsoma yatsuna a ruwan ɗumi ina cije baki.

Ranar Laraba na kai ga na ƙarshe. Yana jikin katakon da ke gaban benci na farko, inda shi Dogo yake zama, kuma ya fi sauran girma. Na cire sukurun biyu lafiya, amma fallen ya ƙi motsi. Na sa farce, na sa bakin sukurdireba, ko gezau. Na koma na gaya masa. Ya daɗe idonsa a rufe, har na ɗauka barci ya yi, sai na ga bakinsa yana murmushi.

"Ni na sa wannan da hannuna," ya ce. "Na shafa gam kafin sukuru, don kada ya taɓa fita."

Sai da na kai kunnena kusa da bakinsa na ji sauran. Ya ce in tafi da dutsen guga, in shimfiɗa ƙyalle a kan fallen in gasa shi har gam ɗin ya yi laushi, sannan in sa bakin cizal, ƙarfen sassaƙar katako, a hankali ta gefe. Ya ce kada in ji wa katakon ciwo, katakon ba shi da laifi. Da na tashi tafiya ya riƙe bakin zanena da yatsu biyu yana kallona. Na san abin da yake jira. Na ce masa gobe, in Allah ya kai mu, zan zo masa da shi.

Ranar Alhamis tun ƙarfe takwas ina coci da dutsen guga da cizal ɗin maigidana. Ba wuta. Mai shara ta ce tun asuba aka ɗauke, in je gida in an kawo za ta kira ni. Tafiyar minti goma ce tsakanin coci da gidan Dogo. Ina iya zuwa in zauna kusa da shi in dawo. Amma na ce ba zan shiga ɗakin nan hannu wofi ba, na zauna a kujerata ta roba ina kallon ƙwan fitila. Sai wajen ƙarfe ɗaya ya kama.

Yadda ya faɗa haka aka yi. Na gasa, warin gam ya tashi, na sa cizal ta gefe, fallen ya ɗago a hankali ya faɗo cikin ƙyallen. Katakon ko ƙwarzane bai yi ba. Na naɗe shi na fita da sauri, har na manta dutsen gugar a can.

Tun daga kan kwana na ga ƙofar gidan a buɗe duka biyu, abin da ba a yi sai mota za ta fita. Ba motar da ke fita. Takalma ne jere a baranda. Matarsa tana zaune a bakin gadon, an ja masa farin zane har ƙirji. Ta ce bai fi rabin awa ba. Ta ce da safe ya tambaya sau biyu ko Matar Yaya ta zo, ta ce masa ina can ina aikin, sai ya gyaɗa kai.

Na buɗe ƙyallen. Tagullar da sauran ɗuminta. Na sa masa a tafin hannu, na riƙe hannun na kai shi bakin gwangwani kamar kullum, amma ba wanda zai saki, sai ni na zare ta na jefa. Ban yi kuka a ɗakin ba. Sai da na koma gida na ga shanyata a inuwar katangarsa, a jiƙe har yanzu, sannan na zauna a ƙasa. Na yi shekara tara ina ganin girman kan Dogo daga bakin ƙofa, ban taɓa lura da abin da nake ɗaukowa a kaina kowace Lahadi ba. Kalma biyu ya roƙe ni, na sa shi jira kwana goma, kuma baƙin cikin wannan ba zai bar ni ba har in bi shi.

Ranar jana'iza unguwa ta cika har titi. Kamfani ya buga riguna da huluna masu hotonsa, aka kafa babban allo a ƙofar coci, yana zaune a kujerar nan ƙafa ɗaya kan ɗaya. Manyan mutane suka yi ta jawabi. Ban ga laifin manajan ba, iyakar abin da ya sani ke nan na girmama uba. Gwangwanin kuwa matarsa ta ba ni, ta ce ba ta san inda za ta kai shi ba. Yana cikin akwatin kayan aikin maigidana.

Ranar ban ɗauko kujerar roba ba. Na shiga na sami wuri a benci na uku, tsakanin wata mai jariri da wani baƙo da ban sani ba. Bencin yana da daɗin zama, ba yadda za a yi in ƙi faɗa, hannun Dogo ne. Da fasto ya ce a sunkuya, na kifa goshina a katakon da ke gabana. Santsi gare shi, da ɗan sanyi. Na lalubo ramukan nan biyu da yatsa, na faɗi abin da zan faɗa a hankali, bakina dab da itacen. Aka ce amin, mutane suka ɗago suna neman shafin waƙa, ni kuma na ƙara ɗan jimawa a haka.